Mijinyawa Makaɗi da Kalangun da Ya Bari a Hull

Haihuwa da asali

Bayan la'asar ne, ranar wata Laraba cikin watan Agusta na shekarar 1970, hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zubarwa, aka haifi Mijinyawa a garin Ƙauran Namoda. Mahaifinsa shi ne Ɗanbaba Kalangu, makaɗin mahautan kasuwar garin, wanda shi ma gadon sana'ar ya yi. Sunan mahaifiyarsa Hadijatu. Shi ne na huɗu a ɗakinta, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah Ya raya mata.

Karatu da tarbiyya

Ya yi karatun allo a zauren unguwarsu, ya shiga firamare har aji huɗu, daga nan karatun ya tsaya, domin hidimar kasuwa ta fi ƙarfin zaman aji. Tun yana ɗan shekara tara yake bin mahaifinsa, a can ya koyi matsa kalangu a hamata har ya yi magana.

A gidan nasu akwai wata al'ada wadda ya zama wajibi a bayyana ta tun a nan, saboda a kanta sauran tarihin ya rataya. Idan makaɗi zai yi tafiya, alhali bai rabu da ubangidansa ba, sai ya bar kalangunsa a gidan ubangidan, ya tafi da gula kaɗai, wato lanƙwasasshen sandan nan na kiɗa. Ma'anar haka ita ce, ina nan a ƙarƙashinka, duk ranar da ka aiko zan zo. Shi yaro ba ya aikawa, jira ne nasa. Idan ubangida ya maido da kalangu, to sallama ke nan.

Tafiya Ingila da kafuwar ƙungiya

A shekarar 1989 wata tawagar masu wasan gargajiya ta tafi da shi Ingila wajen wani biki. Da aka tashi, jagoran tawagar ya ɓace da takardun mutane, kowa ya kama gabansa. Mijinyawa ya gangara har garin Hull, wani garin masunta a bakin teku wanda sana'ar kifi ta riga ta mutu a cikinsa, yana kiɗa a ƙofar tashar mota, yana kwana inda ya samu.

A nan wani saurayi mai suna Gareth Pell ya ji shi, ya kai shi gidan mahaifiyarsa, aka ba shi ɗaki da bargo. Tun daga ranar Mijinyawa ya ɗauki Gareth a matsayin ubangida, duk da cewa shekara biyu kacal Gareth ya ba shi, kuma shi Gareth bai taɓa sanin an naɗa shi wannan muƙami ba.

A farkon 1990 suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna The Salt Wardens, ma'ana masu gadin gishiri. Su huɗu ne: Gareth yana waƙa, ƙanensa Neil yana kaɗa jita, Osman, wani Musulmi ɗan asalin tsibirin Ƙubrus, yana riƙe da babbar jita mai kauri, sai Mijinyawa a kan ganguna. Kiɗansu irin na rok ne, amma ba wanda gidajen rediyo suke yayi ba, na matasan da suka ƙi bin layi ne, waƙoƙinsu duk na rashin aiki da sanyi da mutuwar gari. Mijinyawa ya koyi gangunan Turawa cikin hunturu guda, amma a kowane wasa sai ya sauka daga kansu ya rataya kalangu, kuma wannan ne ya bambanta su da sauran ƙungiyoyi.

Tashe da jarrabawa

Faifansu na farko ya fito a 1992, bai yi nisa ba, sai dai ta dalilinsa aka gyara wa Mijinyawa takardun zama. Na biyu, wanda ya fito a 1995, shi ne ya ɗaga su, har suka zagaya Turai suka kai Japan. Kamar yadda marigayin ya sha faɗa da bakinsa, a shekarun nan bai taɓa tambayar rabonsa ba, abin da Gareth ya miƙo shi yake karɓa, ya aika gida.

Tashen bai zo da alheri zalla ba. Osman ya faɗa shan ƙwaya, kuma a watan Nuwamba na 1997 aka tsinci gawarsa a wani masauki a Hamburg. Babu wanda ya san yadda ake suturta Musulmi a cikin tawagar sai Mijinyawa, shi ya nemo masallaci, shi ya shiga wanka tare da limamin. Faifai na uku ya fito a 1998, jama'a ba su karɓe shi ba, 'yan'uwan nan biyu kuma suka fara kwana ba sa ga maciji.

Komawa gida, aure da iyali

A watan Maris na 1999 labarin rasuwar Ɗanbaba ya iske shi. Ya ajiye kalangun, wanda dama na mahaifin nasa ne, a kan teburin mahaifiyar Gareth, ya sa gula a jaka, ya bar lambar wayar wani kanti da ke kasuwar garinsu, ya tafi. Bayan sadakar arba'in sai jinyar mahaifiyarsa ta riƙe shi, har takardunsa suka ƙare.

Aike bai zo ba, kalangu kuma bai dawo ba. Ƙungiyar ta ɗauki wani makaɗin, ta ja ƙafa har 2003, sannan ta watse. Neil ya koma tuƙin tasi, Gareth ya yi shekaru yana fama da giya. Duk wannan Mijinyawa bai sani ba a lokacin.

A shekarar 2001 ya auri Hannatu, 'yar wani mahauci abokin mahaifinsa, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar, ɗaya ya koma tun yana jariri. Bai sake yi wa kowa kiɗa ba. Mahauta sun nemi ya gaji mahaifinsa, ya ba su haƙuri, ya ce yana da ubangida, kuma ba a sallame shi ba. Ya riƙe iyalinsa da dako da noma, har rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu.

Zaman Doha

A 2014 wani ejan ya samo masa aikin lodin kaya a filin jirgin sama na Hamad da ke Doha, ƙarƙashin wani kamfanin kwangila. Ya zauna a ɗakin ma'aikata ta wajen Al Thumama, su shida, cikinsu har da wani matashi ɗan Gusau mai suna Ɗayyabu, wanda suke aiki a rukuni ɗaya. Tsakanin gangunan baya da ƙarar jiragen yanzu, kunnensa na hagu ya mutu, amma wayarsa ba ta taɓa kwana a kashe ba.

A 2017 Gareth da Neil suka shirya, suka ta da ƙungiyar. Shekara ta zagayo, babbar 'yar Mijinyawa, Nusrat, ta turo masa wata hira da aka yi da Gareth. A ciki an tambaye shi labarin kalangun da yake ratayewa a dandali a kowane wasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Gareth ya ce na ɗan'uwansa Mijinyawa ne, wanda ya ajiye shi a teburin uwar shi Gareth ɗin ya tafi, kuma a wajensu makaɗin da ya bar gangarsa ya gama ke nan, bankwana ne. Ya ce ya yi shekaru yana sauraron wayarsa, amma bai ga dacewar ya matsa wa mutumin da ya zaɓi tafiya ba.

Ɗayyabu, wanda aka kalli hirar tare da shi, ya ce, "Baba, ka ji fa! Kai kana jira, shi yana jira. Yalla, maza danna waya, khalas, shi ke nan."

Mijinyawa ya ce, "Ya riƙe kalangun ko bai riƙe ba?"

"Ya riƙe."

"To ai magana ba ta mutu ba. Kai Ɗayyabu, a garinku ganga ce take kiran makaɗi?"

"A garinmu, Baba, gangar da ta yi shiru ɓera ke cinye ta."

Mijinyawa ya yi dariya, amma bai kira ba. Nusrat ta rubuta wa shafin ƙungiyar a ɓoye, sai na'ura ta amsa mata da sanarwar wasanni masu zuwa.

A watan Yuni na 2019 ƙungiyar ta ya da zango a Doha kan hanyarta ta Ostireliya, kuma Allah Ya ƙaddara rukunin su Mijinyawa ne ya sauke kayan. Cikin akwatunan akwai wani ƙarami na kalangu, wanda aka rubuta sunan Mijinyawa a jikinsa da farin fenti. An bar keken kayan a tsakiyar rana, fatar kalangu kuwa siririya ce, zafi irin na Doha fasa ta yake yi. Mijinyawa ya tura keken zuwa inuwa, ya tsaya kusa da shi har aka zo lodi. Ɗayyabu ya roƙe shi ya aika ko da gaisuwa ce ta hannun ma'aikatan cikin jirgi, sai Mijinyawa ya ce idan su Gareth sun tambaya a ce yana nan. Ba su san yana ƙasar ba, balle su tambaya.

Rasuwa

Hawan jini ya kama shi a 2020, ya ci gaba da aiki saboda makarantar yara. Ranar wata Litinin cikin watan Agusta na 2022, da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, kuma kafin magariba Allah Ya karɓi ransa a asibiti, yana da shekara hamsin da biyu. An ɗan jinkirta kafin takardun kafil, wato kamfanin da ya ɗauko shi, su kammala, sannan aka yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Misaimir. Abokan aikinsa ne suka raka shi, da wasu ɗalibai 'yan Najeriya, da wani likita mai suna Siddiq wanda ya tsaya a kan hidimar. A cikin kayansa an sami riguna, da carbi, da gula naɗe a rawani, aka aika wa iyalinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Hannatu da 'ya'ya huɗu: Nusrat, da Umar Faruq, da Abdulbaqi, da autarsu Fiddausi. Babu makaɗi a cikinsu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A watan Mayu na 2023 ƙungiyar ta sake bi ta Doha a zagayenta na bankwana, wanda daga shi ta watse gaba ɗaya. Ƙaramin akwatin nan yana cikin kayan, fentin ya fara ɓarewa, an kuma bar keken a rana. Ɗayyabu ya tura shi inuwa, ya tsaya har aka zo lodi, sannan ya koma bakin aikinsa. Jirgin ya tashi da azahar.