Mama Ozella da Kwali Mai Lamba Bakwai

Duk kwarin Buckeye, daga gadar ƙarfe har bakin tsohon ramin kwal, babu wanda bai san uwata Ozella Tackett ba, kuma ba a taɓa saninta ba tare da bindigarta ba. Tsohuwar bindigar farauta ce mai baki ɗaya, ƙotarta ta tsage an ɗaure da waya. Shekarar da ramin kwal ya rufta da babanmu tana da talatin da ɗaya, ga mu huɗu kamar 'yan tsaki, ni Wanda ce babba. Ba ta zauna jiran kowa ba. Ta ɗauko bindigar babanmu daga bayan ƙofa ta hau dutse. Harsashi biyu take fita da su, ta dawo da nama biyu. Mun sha miyar kurege da burodin masara har na rantse in na girma ko kallon kurege ba zan ƙara yi ba.

Sai kuma ƙanin babanmu, Baffa Hobart. Shi bindigoginsa ashirin da uku, a jere cikin akwatin ƙarfe, kullum yana goge su da mai. Amma fa ko gareji ka ce ya harba, sai ka matsar da shanunka gefe.

Kowace Lahadi in an taso daga coci, a teburin Mama yake sauka, ya cika ciki da wake, sannan a buɗe gardamar da suka shekara arba'in suna yi.

"Ozella, ke a ganinki don kurege kike riƙe da bindigar nan? Haƙƙi ne! Da shi aka haife ki. Tsarin mulki ma tarar da shi ya yi, ya rubuta."

"Ni dai tsirara aka haife ni, ban ji an ce na fito da bindiga ba. Yunwa ce ta miƙo min ita. Kayan aiki ce kamar gatari, ranar da ba ni da bukatarta in rataye."

"To in wani mai kwat daga birni ya zo ya ce ba ki da bukata fa? Wa ya ba shi ma'aunin?"

"Ya iya hawo dutsen nan tukuna. Kai mai haƙƙi ashirin da uku, yaushe rabon da ka harbo abin sawa a tukunya?"

"Ai ni ba mayunwaci ba ne."

"Shi ya sa kake kan kwano na uku."

Haka za su yi ta yi har kofi ya huce. Ba a taɓa samun wanda ya ci ba, ba kuma Lahadin da ya fasa zuwa.

Bara waccan idon Mama ya fara. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa, gefe-gefe kawai zai rage, kuma babu gilashin da zai dawo da shi. Ta ce likitan yaro ne, haƙoransa ma ba su gama fitowa ba. Sai wata safiya a watan Oktoba ina shanya a bayan gidanta, na ji daram! Na zube ƙasa da zanen gado a hannuna. Baron da muke kwasar itace ne Mama ta ɓarke wa ciki da harbi, wai dila ce ta zo wa kajinta. Ni kuwa ina tsaye dab da baron.

Ranar Lahadi a gaban Baffa na ce mata, "Mama, ki ba ni bindigar nan. Nama ga shi cike da firji, kaji ni zan yi musu shinge. Ke da bakinki kika ce in bukata ta ƙare za ki rataye."

Ta ajiye cokali. "Ba mai taɓa min bindiga. Haƙƙina ne."

Tabɗi! Baffa ya ƙware da wake, sai da na bubbuga masa baya. Da numfashi ya dawo ya miƙe yana ɗaga hannu sama kamar mai wa'azi. "Kun ji ko? Wanda, ki shaida! Shekara arba'in!"

"Zauna, sakarai," in ji Mama. Sannan ta juyo wajena. "Asabar ɗin harbin talo-talo saura mako uku. In na ci talo-talo, bindigata tana nan, kada ki ƙara ɗaga min maganar. In na faɗi, ki ɗauka."

Na ce na yarda. Sai da na kama hanyar gida na gane tsohuwar nan ta yi min wayo, na dinga dukan sitiyari don haushi. Harbin talo-talo ai rabinsa sa'a ne. 'Yan kwana-kwananmu na sa-kai ke shirya shi kowace shekara kafin Bikin Godiya, ranar da kowane gida ke cin talo-talo. Mutum goma a layi, kowa da turkensa can taku talatin, a jikin turken an manna kwali mai lamba da alamar kuros a tsakiya. Harsashin kuwa mai watsuwa ne, ƙwayoyin dalma ɗaruruwa. Wanda ƙwaya ɗaya tasa ta fi kusa da kuros, shi ke tafiya da talo-talo. Makaho ma in ya nuna wajen da kyau zai iya dacewa. Mama kuwa ta ci sau goma sha tara.

Ranar Asabar filin bayan ofishin kwana-kwana ya cika maƙil. Labari ya riga ya zaga kwari, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun zo da kujerunsu. Mata na sayar da kofi da soyayyen tuffa, motoci sun jeru har bakin rafi. Aka rabu biyu, wasu na cewa a bar wa tsohuwa kayanta, wasu na cewa gaskiyar Wanda ce. Wata a cocinmu ta ce min ba ni da kunya. Na ce mata ta zo ta yi shanya a gidan Mama mako ɗaya.

Mama ta fito da tsohuwar rigar babanmu, ta ja lamba shida. Baffa ya ja bakwai, yana rungume da wata sabuwar bindiga mai ƙyalli. Alƙalin wasan, Lonnie Caudill, mutum ne mai gajen haƙuri, ba ya jiran a harba ɗaya bayan ɗaya. Usur yake hurawa kowa ya saki tare.

"Hobart, ka juya bakinta can, akwai mata masu ciki a nan!" wani ya yi ihu.

"Yau za ku sha mamaki!" in ji Baffa.

Ni zuciyata kamar ta fito. Rabina na addu'ar ta faɗi, rabina na son tsohuwata ta kunyata su duka. Na ga ta karkata kai gefe, tana laluben turken da wutsiyar ido. Ta ɗaga bindiga ta saita.

Fiiit! Daram! Dutse ya amsa, hayaƙi ya tashi, karnuka suka ɗauki haushi.

Lonnie ya je ya kwaso kwalaye, ya baje su kan tebur, ya sa gilashi da ɗan ma'auninsa. Muka yi masa rumfa. Ya ɗaga lamba shida. Fari fat, ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga bakwai, ya duba, ya cire gilashi ya goge, ya sake dubawa.

"Jama'a, duniya ta zo ƙarshe. Tsakiyar kuros! Hobart Tackett!"

Wayyo, ku zo ku ga hauka! Aka jefa huluna sama, wani ya hau motar kwana-kwana ya saki jiniya. Ƙarti biyu suka ɗaga Baffa, aka danƙa masa talo-talo daskararre mai nauyin jariri. Shekara arba'in yana shiga wasan nan ko fiffike bai taɓa ci ba. Ni kaina tsalle nake, na manta ma abin da ya kawo ni.

Sai na ga Baffa ba ya dariya. Ya ce a sauke shi. Ya ajiye talo-talon, ya buɗe cikin bindigarsa, ya zaro harsashi ya ɗaga sama. Sabo fil, ba a harba ba.

"Na manta ban cire makullin da ke hana ta tashi ba," ya ce. "Ni ban harba komai ba. Wannan harbin na Ozella ne, kwalina ta samu."

Nan fa wuri ya sake kacamewa. Wasu na cewa talo-talo na mai kwali ne, wasu na cewa na mai harbi ne. Lonnie yana hura usur babu mai jinsa. Baffa ya ɗauki talo-talon ya dire a gaban Mama.

"Nawa ne ko nata ne, ga shi a hannunta. Ta ce in ta ci talo-talo, to ta ci. Wanda, alkawari ya cika, ki ƙyale mata bindigarta."

Haba, ji na yi kamar in shaƙe shi. "Baffa, turken wani ta harba! Kana gani!"

"Na gani. Ko ba ta ganin tafin hannunta, babu mai ƙwace mata. Ni abin da na tsaya a kai ke nan."

Aka ɗauki tafi da fito. Da hayaniya ta lafa Mama ta ce, "Lonnie, miƙo min kwalina." Ya miƙa mata lamba shida. Ba ta kai shi ido ba, yatsu ta sa tana shafawa, gaba da baya, kusurwa zuwa kusurwa, tana neman huda ko ɗaya. Ta daɗe tana yi. Mutane suka fara sunkuyar da kai.

"Na rantse shi na nufa," ta ce a hankali.

"Ozella, kin ci fa," in ji Baffa. "Babu mai karɓa."

"Na ji ka, Hobart. Babu mai karɓa. Ni zan bayar."

Ta buɗe cikin bindigar, ta cire kwanson harsashi ta sa a aljihu, ta miƙo ta wajen da take zaton nake. Lonnie ne a wurin. Na zagayo da sauri na karɓa. Abin da na yi mako uku ina nema ya zo hannuna, amma wallahi ban ji daɗi ko kaɗan ba, kuka ne ya taso min.

Baffa ya tsaya da talo-talo a ƙafarsa, yana murza hula. "To gobe Lahadi kuma me za mu yi?"

"Ka zo ka ci wake ka yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarka."

Aka yi dariya, aka buɗe mata hanya. Ta yi taku biyu ta tsaya. Wannan matar da ko a kan ƙanƙara ba ta yarda a taimake ta, sai ga ta ta miƙo hannu cikin iska.

"Riƙe ni ki kai ni mota, Wanda," ta ce. "Tun bara rabon da in ga fuskarki."