Fim ɗin da Ya Tona Mini Asiri a Gaban Kakata

Duk lokacin da na ji an ce an mayar da wani littafi fim, sai wata la'asariya a garinmu Kona ta faɗo mini a rai. Shekaru sun ja, amma ban ga ranar da zan manta da ita ba.

Lokacin ina kwaleji a Tasawa. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ake koya mana, karatun Hausa kuwa a littattafan hikaya da ake kawowa daga Kano na koye shi. Akwai wani labari mai littafi huɗu da ya tafi da hankalina, na wani saurayi da ya bar uwarsa ya bi hanyar sahara neman arziki. Idan na zo hutu nakan karanta wa kakata a rumfa, ita kuma tana ɓarar gyaɗa. Idonta ya yi yana, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Ta ɗauki saurayin nan tamkar ɗan cikinta, kuma da dalili. Autanta, wato kawuna, shekara uku ke nan da tafiyarsa Libiya, ba wasiƙa ba saƙo.

Littafi na huɗu a kan amalanken jaki na karance shi, a hanyar zuwa gida. A cikinsa mota ta lalace wa su saurayin a daji, ƙishirwa ta kashe shi. Na yi kukana na share. Da na zauna gaban kaka sai na kasa. Na buɗe littafin na riƙe, na shiga zubo nawa: masu raƙuma sun tsince shi, ya warke, ya dawo ranar kasuwa da turmin atamfa ya yi sallama a ƙofar uwarsa. Kwana uku ina wannan aiki. Kaka ta yi ta hamdala, har da dafa mini ƙwan zabi.

Da shekara ta zagayo sai ga fim ɗin ya fito. Maƙwabcinmu malamin lakwal yana da tele, wato talabijin, da gurup, injin ba da wuta, ya ce mata su zo kallo bayan la'asar. Kaka ta ɗauki sandarta.

"Kaka, ba ki gani, mi za ki yi can?"

"Kunnena ya mutu ne? Ina son in ji dawowar yarona. Wuce mu tahi."

Ni fa a wajen kallo ba a zama kusa da ni don ƙorafi, kuma ranar ma na samu abin faɗa. Saurayin da littafi ya ce siriri ne, an kawo wani mai tumbi. Uwar da ba ta da ko akuya, ga ta a kan kujera mai laushi. Ana tsakiyar sahara kuma sai aka ɓarke da waƙa da rawa! Amma ranar roƙo kawai nake yi a zuci, tunda sun canza komai, Allah Ya sa su canza ƙarshen ma. Ban taɓa yi wa masu fim irin wannan addu'a ba.

Wurin nan kaɗai suka bi littafi sau da ƙafa. Ya kwanta a gindin mota, ya kira sunan uwarsa, ya cika.

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar gurup da sheshsheka. Wata maƙwabciya da ta saurari karatuna bara ta juyo ta ce, "Ke 'yar lakwal, ba ke kin ka ce ya dawo ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in buɗe baki kaka ta dogara sanda ta miƙe.

"Masu abin ga ba su karanta littahin ba. Tashi ki kai ni gida."

Muna tafe hannunta a kafaɗata, na ce, "Kaka, ni ce na yi miki ƙarya."

"Na sani tun bara. Kwana uku kina karatu, ban ji kin juya takarda ko sau guda ba."

"To don mi ba ki hana ni ba?"

Ta ce, "Ina son in ji shi. Gobe ki sake mini wurin da ya yi sallama."

Na sake mata, kuma na yi ta sakewa duk hutun da na zo, har Allah Ya karɓi abinsa. Kawu bai dawo ba. Har yau ina kewarta, ita da rumfar da ƙamshin ɗanyar gyaɗa.

Ban daina ƙorafi a kan finafinan littattafai ba, hali ne. Sai dai na koyi cewa mai ba da labari yakan canza shi saboda wanda ke zaune a gabansa. Kafin in ce wani ya ɓata littafi, nakan tuna ni ma na taɓa ɓata guda, kuma shi ne karatu mafi kyau da na yi a rayuwata.