Gonar da aka goge daga lissafi

Har gobe ban manta ranar da aka kira ni ofishinmu na Gumel aka ce na yi ƙarya ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, an tura mu auna amfanin gero a ƙauyukan Sule Tankarkar, a shekarar da ruwa ya ɗauke alhali gero na cikin bununi.

Ga yadda aikin yake: da ƙuri'a ake zaɓen gonaki, don kada ma'aikaci ya ɗauki ta abokinsa. A kowace gona sai mu ja igiya mu keɓe ɗan fili, mu yanke geron ciki, a shanya, a sussuka, mu ɗora a sikeli.

Ƙuri'a ta faɗa kan gonar wani dattijo, Malam Habu, a bayan garin Ɗanzomo. Gonakin maƙwabtansa duk sun ƙone, tasa kuwa zangarniya cike. Tun rani yake haƙa ƙananan ramuka yana zuba takin awaki, kuma ba ya sare sabara. Sau biyu na auna, na rubuta.

Jami'in ƙididdiga da aka aiko daga birni ya nuna min kwamfuta. Ya ce, "Wannan lambar ta fita daga sahu. Ko a gindin bishiya ka cika takardar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga babur a waje. Mu je ka ga rumbun da idonka."

"Ba ni da lokaci. Ƙa'ida ta ba ni damar cire duk lambar da ta yi nisa da sauran."

A gabana ya goge ta. Rahoto ya fito cewa babu gonar da ta tsira a yankin. Manomi ɗaya da ya san maganin fari, shi aka jefar.

Ranar kasuwar Maigatari muka haɗu da Malam Habu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, manya sun ga geron nawa? Yaushe za su zo in nuna musu ramukan?" Na sunkuyar da kai, na ce sai Allah ya kawo su.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun ga lamba ta bambanta, kada ku yi gaggawar yanke mata hukunci. Ku tashi ku je. Wani lokaci kuskure ne, wani lokaci kuwa mutum ne da ya fi ku sani.