Hantar Ragon Suna

Almu na Sarandosa mai turkar raguna ne. Shekara talatin yana sayen ramammu a kasuwar Jega bayan girbi, ya ɗaure su a rumfa, ya yi ta ba su harawa da dusa har layya ta matso. Ba shi da yawan magana, amma in ya shafa bayan rago, mahauta ba sa musu da shi.

Wata shekara ya ga ragunan wasu matasa sun wuce nasa cikin wata biyu. Ya bi diddigi har wani shago a Jega, inda aka miƙo masa farin gari a leda marar rubutu.

"Rabin cokalin shayi cikin dusa, Baba," in ji mai shagon. "Ragonka zai yi ƙirji kamar ɗan dambe. Amma ka tsai da shi sati biyu kafin wuƙa, don a hanta yake taruwa."

"In mutum ya manta fa?"

"Kai da ba ka manta ranar kasuwa?"

Garin ya yi aiki. Almu ya ware rago mafi girma, ya ce na sunan jikansa ne, don Iklima matar ɗansa Waliyyu tana da ciki. Mutane suka riƙa zuwa kallonsa.

Sai haihuwa ta zo da wuri. Ragon ya ci garin da safiyar ranar, suna kuwa kwana bakwai ne. Almu ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Ya ce wa kansa ragon babba ne, garin kaɗan ne, ga shi kowa ya riga ya gani.

Aka yanka, aka sa wa yarinya Rahma. Aka gasa hanta aka kai wa mai jego kamar yadda aka saba. Iklima ta gutsuri yanki ta aika wa surukinta, ya ci. Kafin la'asar hannunsa na rawa, zuciyarsa na dukan ƙirji. Yana zaune a rumfa ya ji mata suna kiran a nemo mota.

Kwana uku Iklima ta yi a asibiti, ta rasu. Aka ce ciwon zuciya ne irin na masu jego, tsofaffi suka ce ruwan wanka ne ya yi zafi. Ba wanda ya ambaci hanta. Wataƙila ma gaskiyarsu ce. Almu dai ya haƙa rami bayan gona ya rufe ledar.

Sau da yawa ya kira Waliyyu rumfa don ya faɗa masa, sai ya ƙare da tambayar farashin albasa.

Bayan shekara huɗu Gudiya, matar da Waliyyu ya aura, ta haihu. Almu yana da rago da ya kiwata da harawa zalla. Ana gobe suna, sai ga Waliyyu a babur daga Maiyama da wani ƙaramin rago, ana ƙirga haƙarƙarinsa.

"Wannan ai akuya ta fi shi," in ji Almu. "Ga naka a ɗaure."

"Bar shi, Baba. Wannan ma ya isa."

"Ba abin da na ba shi sai harawa."

Waliyyu bai tambayi me kuma ake ba rago ba. Ya ja nasa ya ɗaure a gindin darbejiya, nesa da kwamin da mahaifinsa ke zuba wa raguna dusa, ya ɗebo masa ruwa da kansa.