Abin da Ban Faɗa wa Lokotoro Ba

Jiya a kasuwar Malbaza ƙamshin turaren wuta ya tuna mini da marigayiya Goggo. Kullum zanenta na ƙamshinsa, don ta ɓoye yoyon fitsarinta.

Da na kai ta likita a Ƙonni, lokotoron ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗana, gaya mishi hitsari ba ya tsaya min."

Kunya ta hana ni, na ce ciwon ciki ne. Aka auna jininta a labo, wato ɗakin gwaji, aka ce lafiya lau. Ba a yi mata aiki ba.

A mota ta ce, "To in lahiya lau nike, mi ka damuna?" Har yau ban sani ba ko ta gane. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini.