Noben Ƙofar Gidanmu

A Baudeta kaf, gidanmu kaɗai ake shuka ciyawa. Kowa na fama da hauya yana raba gonarsa da haki, ita kuwa kakata ta wajen uba, Kaka Tasalla, ga ta tsugune a ƙofar gida tana lallaɓar tushen nobe kamar jinjiri. Nobe ciyawar daji ce ta faƙon arewa, mai ƙanshi kusa da na lemun tsami. Mai so ya je ya yanko, ba wanda ke yi mata masauki. Yaran unguwa suna ce mana "'yan gidan mai haki", abin yana ƙona mini rai, don ni mai zuciya ce, har yau da furfurata ban rabu da ita ba.

Tun Nasara ba su shigo ƙasar ba ake wannan, zamanin da mutum ke noma da kwari a rataye saboda mahara. Ruwan farko na sauka, Kaka za ta tone tushen, ta raba shi da hannu, ta jefar da tsakiyar da ta mutu. Sai ta datse ganyen ya rage taki ɗaya, ta sake dasawa a yashi da ɗan kashin awaki. Da rani ruwan alwalarta take ba shi, kaɗan kaɗan, ta ce in ruwa ya kwanta a gindinsa ruɓewa yake yi. Mai ciwon ciki ya zo ta tsinka masa, mai jego ta aiko a ba ta na wanka. Amma ko sau ɗaya ba ta yarda an mai da shi cikin gida ba, dole sai a ƙofa, inda mai wucewa zai gani.

In an ci tuwo an yi isha'i, sai mu kewaye ta a bakin murhu. Ta jefa busasshen nobe a garwashi don sauro, hayaƙin ya tashi da ƙanshi, ta gyara zama.

"Ga wata nan tahe, ku buɗe kunne."

"Ta iso mu ji!"

"Ke, uwar tsiwa, matsa can, kin tsare mani wuta."

Ni ce uwar tsiwa. Sunana Hawwa, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. Sauran jikoki kowa ana kiran sunansa. Na ɗauka ba ta ƙaunata ne, kuma na riƙe ta a raina.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na gizo da na kura, mu yi ta dariya har ciki ya ƙulle. Amma akwai wata da ba a dariya a cikinta. Wai wata mace ce da 'yarta suna sussuka, sai guguwa ta taso ta sure yarinyar. Uwar ta bi ta da gudu, ta buɗe baki za ta kira ta, sunan ya ƙi fita. Ta roƙi kurciya ta kira mata, kurciya ta ce ba ta san sunan ba. Ta roƙi iska, iska ta ce ita ɗauka ta sani. Ta zauna a faƙo, sai nobe ya ce mata, "Dasa ni a ƙofarki. Ɗiyarki ta san ni, da ni kike yi mata wanka. Inda murya ba ta kai ba, ƙanshi shina kaiwa." Matar ta dasa shi, tana rabawa kowace damina, tana jira.

A nan Kaka take tsayawa. Mu ce, "To, ta dawo?"

"Tana bisa hanya."

"Kullum bisa hanya! Wagga hanya ba ta ƙarewa?" in ji ni.

"Tashi ki kwanta, kin hi sauro damuna."

Ina da wajen shekara goma sha uku Kaka ta rasu. Ba wanda ya raba tushen a daminar nan, ya yi duhu, ya cunkushe. Wata safiya na ga kububuwa ta fito daga cikinsa, ƙanena mai rarrafe yana dab da ita. Na sure yaron, maƙwabta suka kashe macijin, ni kuma na ɗauko hauya. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba tsoron maciji kaɗai ya ba ni ƙarfi ba. Da daɗi na sare shi, na tone har saiwa, na watsa a juji. Da Baba ya dawo daga gona ya daɗe yana kallon ramin, ya ce, "To, shi ke nan," ya shige.

Bayan damina biyu wani ayari ya ratsa garinmu daga kudu zai yi wajen Tasawa ya wuce arewa, ta hanyar da ta bi ƙofar gidanmu. Sai da aka kwana biyu matar maƙwabcinmu, baƙuwa da ba ta daɗe a garin ba, ta shigo aron turmi tana dariya. Ta ce a rijiya ta haɗu da wata baiwar fatake mai abin mamaki.

"Wai kowane gari suka shiga, ƙohohin mutane take dubawa. Wai uwarta na dasa nobe a ƙohwa. Na ce mata, baiwar Allah, wa ka shuka haki?"

Baba yana cin tuwo. Ya cire hannu, ko wankewa bai yi ba, ya fita. Kwana huɗu ya yi yana bin sawun raƙuma har bayan Mayahi, ya dawo shi kaɗai da ƙafafu a kumbure. Ni na kai masa ruwan zafi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

"Kin san mi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunanki ba?" ya ce. "Sunan yayata na sa maki. Ɗiyar hwari ce. Mahara sun ka kama ta tana shekara bakwai, sun ka ƙone ƙauyenmu, mun ka gudo nan. Ni na ɗauka ta mutu. Inna ce ba ta yarda ba."

Sai a ranar na gane. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ƙaunarsa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a fili. Kaka ta riƙe kunyar nan har kabari. Shekara da shekaru tana gaya mana ciwonta a bakin murhu, mu muna jiran a zo kan gizo. Ni da na zaci ƙina take yi, ashe duk ta dube ni wata take gani.

Ban sani ba ko baiwar nan gwaggona ce. Baba ya ce ita ce, ya mutu yana faɗin haka. Nakan ce wa kaina ko ta ga noben, da me za mu fanshe ta? Nakan ce macijin zai iya kashe yaron. Duk gaskiya ne, amma ba su taɓa kawo mini sauƙi ba. Ina jin haushin kaina, ina jin haushin manyan da suka bar ni na girma kusa da abu ban san mene ne ba.

Yanzu ni ce tsohuwar da ake yi wa dariya. Akwai nobe a ƙofata, ina raba shi da ruwan farko, ina datse ganyen taki ɗaya. Jikokina suna kewaye ni, nakan ba su tatsuniyar, amma ni ina faɗin sunan yarinyar tun daga farko. In na kai inda Kaka ke tsayawa, su ma sai su ce, "To, Hawwa ta dawo?"

Na sha gwada ce musu tana bisa hanya, bakina ya ƙi. Sai in ce, "Ta zo. Ta dubi ƙohwar, ba ta ga komi ba, ta wuce."