Furanni Ashirin da Uku a Ɗakin Shayarwa

Shekara goma sha tara Pyo Malsun ta yi tana goge daɓen kotun iyali ta garinmu, ni kuma na yi takwas ina ja mata bokiti. Gajeruwa ce, tana ɗan jan ƙafar hagu, ga baki. 'Yar masunta ce daga tsibiri. Miji ya tafi teku bai dawo ba, ta raini 'ya'ya uku da tsintsiya. Duk Disamba kamfanin shara ke sabunta mana takardar aiki, kuma sai ofishin kula da gini ya ce ya gamsu da ke. Malsun ta haura sittin. In aka sallame ta, ko wanke-wanke ba mai ɗaukarta.

A hawa na biyu akwai ɗakin shayarwa. Ranar buɗe shi har hotuna aka yi. Kujera mai laushi, famfo, ga ɗumi ta ƙarƙashin daɓe, kuma ɗumin nan shi ya ja masa. Da aka yi wa Bang ƙarin girma ya zama shugaban ofishin gini, sai tukwanen fure na taya murna suka yi ta zuwa, kowace da ƙyallenta mai sunan wanda ya aiko. Ashirin da uku! Wai furen ba ya son sanyin ofis, sai aka jera su a ɗakin shayarwa aka kulle, aka ba Malsun makulli ta riƙa yi musu ban-ruwa. Har kan kujerar an ɗora tukunya. Tir da wannan hali.

Wata Laraba cikin Nuwamba muka shiga wanke ban-ɗakin mata, sai muka ji tsotson jariri daga ƙofa ta uku, wadda masai ɗinta ke yawan toshewa. Wata yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, zaune kan masai da ɗa a ƙirji, ta cije takardun shari'arta da haƙori don kada su taɓa ƙasa. Wari kuwa ba a magana. 

Malsun ta ce, "Ke 'yar nan, a nan kike ba shi abinci?"

Yarinyar ta cire takardun daga baki. "Inna, na tambaya a ƙasa, suka ce ana gyaran ɗakin. Ƙarfe biyu za a kira mu."

"Gyara? Gyaran uwarsu! Taso."

Na riƙo hannun rigarta. "Yaya, saura sati biyu fa Disamba."

"Sake ni, Gyeja, matsoraciyar banza. Zo ki ɗauki tukunya."

Ban ɗauka ba. Na tsaya riƙe da bokiti kamar an dasa ni. Ita kaɗai ta yi ta sawu tana jan ƙafa, ta jera tukwanen nan a barandar da mutane ke jiran kira, ƙyallayen suna fuskantar jama'a. Ta goge kujera, ta zaunar da yarinyar, ta ja mata ƙofa. Masu jira kuwa suka samu abin yi, suka hau karanta sunaye da ƙarfi: masu fenti, masu gyaran lif, masu dafa abincin ma'aikata. Tukunya mafi girma sunan kamfaninmu ne a jiki.

Bang ya sauko yana huci. "Wa ya ba ki izini?"

"Ranka ya daɗe, furenka nono yake sha? In yana sha, yanzu in mayar."

Wani tsoho ya yi dariya har da tari. Bang bai yi ba.

A Disamba aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Takardar Malsun ba ta zo ba, wai gwiwarta ba ta dace da hawa bene ba, gwiwar da ta yi shekara goma sha tara tana hawa da ita. Ta kwashe takalman robarta da kofin shayinta a leda, ba ta yi wa kowa sallama ba sai ni. Yanzu kwalaye take tsinta a kasuwa tana tura 'yar kura.

Da sanyi ya tsananta tukwanen suka koma inda suke, an dai cire musu ƙyallaye. Manajanmu ya kira ni ya miƙo mini makulli, ya ce na fi hankali. Na sa hannu biyu na karɓa, har da sunkuyawa na yi godiya.